Canjin katalis biyu a motar gudu: aikin da garejin salansa suka yi min

Toh jama'a, duk wanda yake da motar gudu irin mai ƙofa biyu ɗin nan kuma katalis ɗinsa, wato abin nan da yake tace hayaƙi a jikin salansa, ya fara ba shi ciwon kai, ga bayanin aikin da aka yi min a wani gareji da ba sa taɓa komai sai salansa da abin da ya shafi hayaƙi. Tun daga farko in faɗa muku na gamsu, zan iya tura ɗan'uwana wajen ba tare da fargaba ba, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma zan faɗe su ɗaya bayan ɗaya don ba talla nake musu ba.

Motar V6 ce mai lita 3.5, jan baya, giyar hannu, ta ɗan kwana biyu a duniya. Irin wannan injin katalis biyu ne da shi, kowane ɓangare na silinda uku da nasa, to kun ga in abu ya lalace kuɗi biyu ake magana. Abin da ya fara fitowa fitilar cek ce, aka sa kwamfuta ta nuna lambobin matsala P0420 da P0430, wato duka biyun ba sa tace hayaƙi yadda ya kamata, na farko na ɓangare ɗaya na biyu na ɗaya ɓangaren. Daga baya sai ƙarfi ya fara tafiya, a cikin gari ba za ka ji komai ba amma da ka hau babban titi ka taka totur ta wuce juyi 4,000 a minti sai ka ji kamar an riƙe ta ta baya, inji yana ta ihu mota ba ta gaba, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai in ka tsaya, ga wata ƙara kwaram-kwaram daga ƙasa in an tada ta da sanyin safiya. Motar da aka ƙera don gudu ta koma haka wallahi abin yana da ciwo, wanda bai taɓa riƙe irin ta ba ba zai gane ba.

Abin da ya fara sa na ji na zo wajen masu aiki shi ne ogan garejin bai yarda da lambar kwamfuta kawai ba. Na ce masa Oga katalis ne, a cire a sa sabo, sai ya ce “Yallabai, katalis ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi, in ban gano wanda ya kashe waɗannan ba sabbin ma za su bi su.” Ya kuma ce P0420 kaɗai ba hujja ba ce, don ɗan ramin da hayaƙi yake yoyo kusa da sensa ko sensar baya da ta tsufa duk suna iya kawo wannan lambar, mutum ya je ya zuba kuɗi a katalis alhali lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ya faɗa, kuma na san makanikai da yawa ba za su tsaya wannan dogon binciken ba, su dai a kwance a ɗaura a karɓi kuɗi.

Ya jona kwamfutarsa ya kira ni in duba da idona. Kowane katalis yana da sensar oksijin biyu, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa. Ta gaba in tana da lafiya layinta hawa da sauka yake yi da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9, haka ya kamata, saboda kwamfutar mota kullum tana ɗan ƙara fetur tana ɗan ragewa don ta riƙe haɗin iska da mai a wajen 14.7 da 1. Ta baya kuwa in katalis yana da lafiya kusan a kwance layinta yake, wajen 0.6 ko 0.7, saboda katalis yana ajiye oksijin yana saki a hankali. To a tawa layin baya yana bin na gaba sak, duk inda wannan ya hau wancan ya hau, ma'ana hayaƙin yadda ya shiga haka yake fita babu abin da aka yi masa. Bai tsaya nan ba, ya kwance sensar gaba ya ɗaura agogon awon matsi a raminta, ya sa yaronsa ya riƙe totur a juyi 2,500. Ya ce in hanya a buɗe take bai kamata allura ta wuce psi 3 ba, ɓangare ɗaya ya tsaya ƙasa da haka, ɗayan kuwa allura ta yi sama can, nan ya tabbatar ɗaya ya toshe ne ɗaya kuma ya gaji ne kawai.

Sai aka shiga neman mai laifi, kuma a nan ne suka fi burge ni. A ma'ajiyar kwamfuta akwai tsohuwar lamba ta cewa silinda ɗaya yana tsallake wuta, a ɓangaren da ya toshe ɗin. Suka ciro koyil da fulogi na wajen, fulogin ya cinye ga baƙin mai ya cika raminsa saboda gaskit ɗin murfin inji yana yoyo, koyil ɗin kuma wani lokaci ya ba da wuta wani lokaci ya ƙi, shi ya sa ba a jin ta sosai a silo sai in an matsa mata. Duk sanda silinda bai kama wuta ba ɗanyen fetur ne yake wucewa cikin salansa, ya je ya kama da wuta a cikin katalis. Shi kuma a ƙa'ida tsakanin digiri 400 zuwa 800 yake aiki, amma in fetur yana ci a cikinsa sai ya haura 1,000 ya ci gaba har tangaran ɗin da aka yi cikin katalis da shi ya narke ya dunƙule ya toshe hanya. Shi ya sa motocin da aka ƙera tun daga 1996, lokacin da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II wanda kwamfutar mota take gano matsala da shi, in tsallaken wutar ya kai wanda zai kashe katalis fitilar cek ƙyaftawa take yi ba tsayawa cak ba. Don Allah duk wanda ya ga tana ƙyaftawa ya sauke ƙafa daga totur ya nemi gefe, kar ya ce bari in ƙarasa gida.

Ɗaya ɓangaren kuma bai narke ba, guba ce ta ci shi a hankali. Baƙin mai yana da sinadaran fosfaras da zinki da ake sawa don kare ƙarfen inji, in inji yana ɗan shan mai sai su bi hayaƙi su je su lulluɓe fuskar katalis ya daina aiki, haka ruwan lagireto in yana shiga silinda, haka wani gam na silikon da wasu suke shafawa ko'ina. Don haka suka auna matsin kowane silinda, suka duba ko ruwa yana raguwa, suka zura 'yar kyamara ta ramin fulogi suka leƙa bangon silinda, don a wasu injina da katalis yake manne da manifol, wato bututun da yake kwaso hayaƙi daga silindoji, garin tangaran yana iya komawa ciki ya kankare bango, in hakan ta faru to magana ta wuce salansa ta koma ta inji. Alhamdulillahi nawa bangon sumul yake. Duk wannan binciken sun caje ni kuɗinsa daban kuma ban ji ciwon biya ba ko kaɗan.

Da aka sauke tsofaffin ya haska min fitila a ciki. Mai lafiya in ka leƙa za ka ga ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma har haske yana ratsawa ta ɗaya gefen. Wanda ya toshe ɗin kuwa tsakiyarsa ta narke ta zama wani dunƙule fari-fari mai baƙi, gefensa ya farfashe, da ya jijjiga shi sai ɓarɓashi ya zubo a ƙasa, ashe ƙarar da nake ji da safe kenan.

Daga nan aka zo maganar zaɓi, ya zauna ya yi min bayani ba tare da ya tura ni kan mai tsada ba. Akwai na asali daga kamfanin mota, shi ne ya fi kowa tsada nesa ba kusa ba, amma shi ne babu ko shakka a kansa, yawanci tangaran ne mai ramuka 400 zuwa sama a kowane murabba'in inci kuma an shafa masa ƙarfe mai daraja isasshe, wanda shi ne yake aikin tace hayaƙin. Akwai na gama-gari mai araha wanda ake yanka bututu a yi masa walda, wannan ya ce shi ba ya so a irin motata don da yawansu ƙarfen da aka shafa musu kaɗan ne, ana 'yan watanni fitila ta dawo, kuma ba a yi su don zafin injin da ake kai wa juyi 6,000 ba. Sai na uku, wanda aka ƙera daidai da motar, noti da noti babu walda, cikinsa na ƙarfe ne ba tangaran ba, ramuka 200, jikinsa sitenles. Shi na ɗauka. Ramukan sun fi faɗi don haka hayaƙi ya fi samun hanya, cikin ƙarfe kuma ya fi jure girgiza da zafi, amma ya gargaɗe ni tun kafin in biya cewa mai 200 faɗin fuskar da hayaƙi yake taɓawa bai kai na asali ba, in ba mai kyau aka samu ba zai iya kunna P0420 ko da sabo ne fil, kuma mai 100 na filin tsere ne kar ma in kalle shi. Ya ce abin dubawa ba yawan rami kaɗai ba ne, har da yawan ƙarfen da aka shafa da kuma ko yana da takardar cika ƙa'idar hayaƙi, shi ya sa biyu za su yi kama a ido amma kuɗinsu ya sha bamban.

Akwai hanya ta huɗu da kowa ya sani, a fasa cikin a zubar ko a sa bututu miƙaƙƙe, sannan a sa wani ɗan ƙarfe a ɗaga sensar baya don a yaudari kwamfuta. Na tambaye shi don in ji ta bakinsa, ya ce shi ba ya yi, wanda yake so ya je wani wuri. Wallahi wannan ya ƙara masa daraja a idona, don ni wannan al'amarin yana damuna ƙwarai. Mutane suna ɗauka katalis wani abu ne da aka sa don a rage wa mota ƙarfi, alhali aikinsa shi ne ya mayar da kabon monoksaid, iskar nan da ba ta da wari ba ta da launi amma tana kisa, da ragowar fetur da bai ƙone ba, da oksaid na naitirojin, su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa da naitirojin. In yana da lafiya kuma ya yi zafi fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan yake kawarwa. Wanda yake bayanka a cunkoso shi yake shaƙa, mai tafiya a ƙafa shi yake shaƙa, yaron da yake tsaye a bakin titi tsayinsa daidai bakin salansarka yake, to don ƙarin ƙarfin doki ɗan kaɗan da ba lallai ma ka ji su ba ka zuba wa mutane guba? Ba banza aka sha wahala a kan abin nan ba, tun shekarun 1950 wani injiniya ɗan asalin Faransa Eugene Houdry ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka amma ya kasa yaɗuwa saboda fetur na lokacin yana da dalma, ita kuma dalma nan take take kashe katalis. Sai da dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ta matsa wa kamfanoni, motocin 1975 suka fara fitowa da shi aka kuma kawo fetur mara dalma, sannan Volvo ta haɗa mai aiki uku, wato mai kawar da gubobin nan uku gaba ɗaya, da sensar oksijin ta Bosch a ƙirar 1977, wanda shi ne tsarin da muke kai har yau. A Amurka cire shi daga motar titi laifi ne, a California ma ba kowane na kasuwa ake yarda a sa ba sai mai amincewar hukumar CARB mai kula da tsabtar iska a jihar, a Ingila kuma motar da aka cire wa ba za ta tsallake gwajin lafiyar mota da ake kira MOT ba. Don haka kafin ka zaɓi mai 200 ka fara sanin dokar inda kake, in gwajin hayaƙi mai tsanani ne to ka daure ka sayi na asali.

Aikin ɗaurawar shi ma na tsaya na gani. Notinan da suke haɗa katalis da manifol sun yi tsatsa sun zama abu ɗaya da ƙarfen, suka fesa musu mai suka bari ya jiƙa, suka gasa su da wuta har suka yi ja sannan suka juya a hankali, duk da haka guda ɗaya ya karye a ciki. A nan ne ake gane gwani, bai tsaya ƙorafi ba, ya ɗauko dirili ya huda tsakiyarsa daidai ya ciro guntun ba tare da ya ɓata zaren ba, ya sa sabo. Gaskit duka sababbi aka sa, babu maganar a mayar da tsoho a shafa gam. Sensa kuma a zarenta kawai ya shafa man hana kamewa, ya ce in ya taɓa kanta ta lalace. Na gaba guda biyu an canza su don sun yi nauyin amsawa, na baya ya gwada ya ce suna da sauran rai a bar su, kun ga bai nemi ya ƙara min kashe kuɗi ba. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne ya sauke sauran bututun har tukunyar baya ya busa musu iska, sai ga gutsattsarin tangaran suna faɗowa, ya ce in an bar su suna iya toshe tukunyar ka ce sabon katalis ne bai yi ba. A ƙarshe ya tura hayaƙin gwaji cikin bututu don ya ga ko akwai inda yake yoyo. Koyil da fulogi da gaskit ɗin murfi kuwa an riga an gyara su kafin a ɗaura komai.

Wani abu kuma, tsofaffin ya sa min su a but da kansa. Ku riƙa karɓar naku jama'a, ko mataccen katalis kuɗi ne, don a cikinsa akwai filatinam da faladiyom da rodiyom, yawancin filatinam da rodiyom na duniya daga Afirka ta Kudu suke fitowa, faladiyom kuma Rasha da Afirka ta Kudu, a 2021 rodiyom ya ninka zinare tsada fiye da sau 10, shi ya sa ɓarayi suke shiga ƙarƙashin mota da zarto. Garejin da ya yi shiru da tsohonka ya ci riba biyu kenan.

Yanzu abin da bai min daɗi ba. Ranar da suka ce in zo in ɗauka na je mota tana sama ba a gama ba, kuma babu wanda ya kira ni ya gaya min, na san notin da ya karye ya ci musu lokaci kuma ban ga laifinsu a kan haka ba amma kiran waya ɗaya ai ba wahala. Sannan da na karɓa akwai shatin hannu na baƙin mai a sitiyari da jikin ƙofa ta ciki, mota irin wannan fatar cikinta ba ta son haka, kamata ya yi su rufe kujera da sitiyari kafin yara su shiga. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne farantin kare zafi da suka bari bai ɗauru sosai ba, ina hanya na fara jin wata ƙara ziii a wajen juyi 2,000 gabana ya faɗi na ɗauka sabon ne ya fashe. Na koma, ogan ya shiga ƙasa da kansa ya gano, ya ce “Yallabai ka yi haƙuri, laifinmu ne,” ya ɗaure bai karɓi ko sisi ba, ya kuma yi wa yaron faɗa a gabana. Takardar garanti ma sai da na tambaya aka rubuta min, kuma a ciki an sa cewa in inji ya sake tsallake wuta ko ya sha baƙin mai ya kashe katalis ɗin babu ruwansu, wanda ni a ganina adalci ne, amma ya kamata su riƙa ba kowa ba sai ya roƙa ba.

Yadda motar take yanzu kuwa, ƙarfinta ya dawo gaba ɗaya, daga juyi 4,000 zuwa sama tana ja yadda na san ta, totur yana amsawa nan take. Amma kar wani ya ruɗe ku da tallan cewa mai 200 zai ƙara muku doki masu yawa, ni abin da na ji shi ne motata ta dawo yadda take da ɗan ƙarin sakewa a sama, yawancin bambancin daga cire toshewar ne. Ƙara ta ɗan ƙaru, ta yi kauri, kuma akwai ɗan kaushi a wajen juyi 3,000 wanda wani zai so wani ba zai so ba, ni dai ina so, a doguwar tafiya ma ba ta damun kunne. Da sanyin safiya akwai ɗan warin hayaƙi na mintuna kaɗan fiye da yadda na asali yake yi kafin ya ɗau zafi, don katalis ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, da ya yi zafi shi kenan babu komai. A kwanakin farko akwai warin sabon ƙarfe da fenti yana ƙonewa, wannan ya wuce da kansa. Shan fetur ya ragu, amma ina ga rabin wannan aikin sabon koyil da sensa ne.

Bayan goge lambobi kwamfuta ba ta yanke hukunci nan take, sai an yi tafiya iri-iri, sanyi da zafi, gari da babban titi, kafin ta gama gwada katalis da kanta, don haka fitila ta mutu a bakin gareji ba shi ne shaida ba. Ya ce in dawo bayan na ɗan zagaya a sake duba notina don zafi da sanyi suna sassauta su. Da na koma ya ɗaure su, ya jona kwamfuta, gwajin katalis ya nuna ya kammala babu lamba ko ɗaya, layin sensar baya na duka ɓangarorin yana kwance a wajen 0.7. Ya ce in riƙa duba ma'aunin baƙin mai akai-akai, in na ga ya fara raguwa fiye da da in kawo ta a duba ringi da robobin bawul tun kafin ya taɓa sababbin.